Na'urar Karatu: Wace Magana ce Gaskiya, Wace ce Ji-ta-ji-ta?

Tun da littattafan da ake shigowa da su daga Masar da Beirut suka ƙara tsada a rumfunan Kasuwar Kurmi, ɗalibai da yawa suka koma karatu a waya. Daga nan hira ta gangaro kan na'urorin da aka ƙera don karatu kawai, irin su Kindle da Kobo da Boox, kowa da abin da ya jiyo.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai ba sa aiki sai da data. Ba haka ba ne. Littafi in ya shiga ciki ya shiga ke nan, kuma ana iya tura shi daga kwamfuta ta wayar caji. Batun cewa caji ɗaya na kai makonni kuwa gaskiya ne, domin allon ba ya jan wuta sai lokacin da aka juya shafi. Mai zaune a Mandawari ko Yakasai, inda wuta sai ta ga dama take zuwa, ya san amfanin wannan.

Masu cewa na'urar tana gyara ido sun wuce gona da iri. Allon ba ya harbo haske cikin ido kamar na waya, shi ya sa ake iya karatu da shi a tsakar gida da rana tsaka. Iyakarta ke nan. Wanda yake bukatar tabarau yana nan yana bukatarsa.

Inda magana ta fi cuɗewa shi ne Larabci. Wasu sun ce na'urar ba ta san shi ba, wasu sun ce duk ɗakin karatun malam zai shige cikinta. Kamfanin Amazon, wanda ya fito da Kindle a 2007, ya fara sayar da littattafan Larabci a kanta tun 2018, saboda haka masu maganar farko sun makara. Amma su ma na biyun akwai abin da ba su faɗa ba. Yawancin littattafan da ake turawa ta WhatsApp da Telegram, daga Ishmawi da Iziyya zuwa Risala da Muwaɗɗa, hoton shafi ne aka ɗauka aka haɗa a PDF. Haka ma Alƙur'anin Warshu mai rubutun hannu irin na alarammominmu. Hoto kuwa ba ya sake tsari ya dace da allo. Ɗauki shafin da matani yake tsakiya, sharhi ya kewaye shi ta gefe-gefe, ka matse shi a allo mai inci 6: wasulla su koma kamar ƙwayar gero. In ka buɗa shafin da yatsu, allon ya yi ƙyaftawa, ya ɗan jinkirta, ka ja dama ka ja hagu a kowane layi. Kafin ka gama babi ɗaya ka koma wa wayarka. Mai irin wannan karatu allo mai inci 10 yake bukata, kamar Kindle Scribe da ya fito a 2022 ko manyan Boox, kuma kuɗinsu ya ninka na ƙaramar. Wanda ya dogara da manhajar Shamila ko Wattpad kuma ya sani ba sa hawa Kindle ko Kobo, sai na'ura mai Android irin Boox.

Ga mai karanta littattafan hikaya dai ƙaramar ta wadatar. In ƙ da ɗ da ɓ suka fito da siffar ɗan akwati, laifin salon rubutun ne, a canja wani ko a ɗora sabo.

Akwai kuma maganar da ake ɗauka tsoratarwa ce alhali gaskiya ce: littafin da ka saya a shagon kamfani izinin karantawa aka sayar maka. A 2009 Amazon ya goge littafin 1984 na George Orwell daga na'urorin waɗanda suka biya, ya mayar musu da kuɗinsu. A Fabrairun 2025 ya rufe hanyar sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta. Nan gida ma shagon littattafan intanet na OkadaBooks ya rufe a 2023. A ganina, duk abin da kake da shi a PDF ko EPUB ka ajiye kwafinsa a wani wuri daban.

Mai sayen ta hannu ya tabbatar an cire asusun mai ita na farko, ya duba allon ko akwai layi ko tabon da ba ya gogewa in an juya shafi. Gilashin da ke ciki siriri ne ƙwarai, matsi ɗaya a aljihu cikin A Daidaita Sahu ya isa ya fasa shi, kuma ba kayan da ake samu a kowane shagon gyara na Farm Centre ba ne. Kafin ka miƙa kuɗi, sa mai kayan ya ɗora maka PDF ɗin da ka fi karantawa, ka buɗe shafin da rubutunsa ya fi ƙanƙanta.