Mai Sharhin Fim a Jarida da Amanar da ke Wuyansa

Sharhin fim aiki ne na ɗan jarida da zai kalli sabon fim, ya auna shi, sannan ya faɗa wa mai karatu ko ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa. Mai sharhi yakan duba labarin, da yadda jarumai suka taka rawarsu, da ɗaukar hoto, da sauti, da aikin tacewa, kuma duk hukuncin da ya yanke sai ya kafa masa hujja. Hujjar nan ce ke raba shi da ɗan kallo a majalisa, wanda zai ce fim ya yi ko bai yi ba, shi ke nan magana ta ƙare.

A Amurka sana'ar ta yi ƙarfi ƙwarai. Roger Ebert ya fara sharhi a jaridar Chicago Sun-Times a 1967, bai kuma bar ta ba har rasuwarsa a 2013. A 1975 ya zama mai sharhin fim na farko da ya samu lambar yabo ta Pulitzer. A Faransa kuwa, mujallar Cahiers du Cinéma da aka kafa a 1951 ta reni matasan masu sharhi irin su François Truffaut da Jean-Luc Godard, waɗanda daga baya suka zama daraktocin da duniya ta san da zamansu.

Abin da ya faru da fim ɗin Bonnie and Clyde a 1967 ya nuna tasirin masu sharhi, ya kuma nuna halinsu. Bosley Crowther na jaridar New York Times ya yi wa fim ɗin kaca-kaca saboda yawan zubar da jinin da ke cikinsa, ya kuma yi ta nanatawa. Pauline Kael ta rubuta doguwar maƙala a mujallar New Yorker tana kare shi. Joe Morgenstern na Newsweek da farko ya kushe shi, sai ya koma silima ya sake kallo, ya fito a mako na gaba ya ce hukuncinsa na farko bai yi wa fim ɗin adalci ba. A cikin ukun, abin da Morgenstern ya yi ya fi wuya, domin janye magana a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne ga wanda da alƙalaminsa yake ci.

Babbar jarrabawar mai sharhi ita ce kuɗi. Kamfanonin shirya fim sukan gayyaci 'yan jarida bikin fito da sabon fim, su biya musu jirgi da masauki da abinci, su haɗa su hira da taurari. Ba wanda zai ce musu su yabi fim ɗin, amma kowa ya san cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya kushe ba lallai a sake gayyatarsa ba. Shi ya sa manyan jaridu irin su New York Times suka rubuta a ƙa'idar aikinsu cewa su za su ɗauki nauyin tafiyar ma'aikacinsu.

Wani lokaci ma kamfani ba ya jiran a yabe shi. A 2001 wakilin Newsweek, John Horn, ya gano cewa David Manning, mai sharhin da ake ta liƙa kalamansa na yabo a tallan finafinan kamfanin Sony irin su A Knight's Tale da The Animal, ƙirƙirarsa aka yi a sashen tallan kamfanin. Jaridar da aka jingina shi gare ta, Ridgefield Press, ƙaramar jarida ce ta mako-mako a jihar Connecticut, kuma ba ta da mai sharhi mai wannan suna. A 2005 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 1.5 don a sasanta ƙarar da 'yan kallo suka shigar. Da a ce sunan mai sharhi ba ya jawo jama'a silima, da ba a wahalar da kai wajen ƙirƙiro na bogi ba.

Sauran ƙa'idojin ba su da sarƙaƙiya. Mai sharhi ba ya rubutu kan fim ɗin da bai kalla har ƙarshe ba. Ba ya tona ƙarshen labari ya ɓata wa mai kallo. Aikin jarumi yake dubawa, ba aurensa ko rikicin gidansa ba. Idan kuma darakta abokinsa ne, ko yana da hannun jari a fim ɗin, to ya faɗa wa edita a ba wani.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ta fi wuyar bi a Kannywood. Tun da mujallar Fim ta fara fitowa a 1999 ake rubutu kan finafinan Hausa a kai a kai, sai dai masana'antar ta 'yan sanin juna ce: marubuci da furodusa sukan haɗu a wurin biki da suna, kuma furodusan da aka soki fim ɗinsa shi ne mai sayen shafin talla. Ga kuma al'adar miƙa wa 'yan jarida ambulan bayan taro, duk da cewa kundin ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da shi a Ilorin a 1998 ya hana karɓar abin hannu don buga labari ko danne shi. A nan alhakin bai tsaya kan marubuci shi kaɗai ba. Jaridar da ke son sharhi na gaskiya wajibi ne ta biya wa wakilinta kuɗin mota da na tikiti, ta kuma tsaya masa ranar da furodusa ya bugo waya yana barazanar janye talla.