Tambayar AS da AS: Inda Ɗalibai Ke Zubar da Maki a Jarrabawar Bayoloji

Duk wanda ya yi shirin jarrabawar Bayoloji ta WAEC ko NECO ya san irin wannan tambaya: miji AS ne, matarsa ma AS ce, mece ce yiwuwar su haifi ɗa mai sikila? Ɗalibai da yawa sun haddace amsar tun a aji, wato ɗaya cikin huɗu. Sai su rubuta ta haka tsurarta su wuce, alhali a ɓangaren rubutu kowane mataki yana da makinsa.

Ka fara da rubuta jinotayif ɗin iyayen, AS da AS. Daga nan sai ka raba haruffan, domin uba ba ya ba ɗansa duka biyun. Kowace ƙwayar maniyyi tana ɗauke da A ko S, guda ɗaya tak, haka ma ƙwan mace. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke nuna wa mai duba takarda cewa ka gane yadda gado yake, ba hadda ka yi ba. Sai ka zana akwati mai gida huɗu, wanda ake kira akwatin Punnett, haruffan uba a sama, na uwa a gefe. Za ka samu AA, AS, AS, SS.

To, me ɗaya cikin huɗun ke nufi? Wasu kan rubuta cewa idan ma'auratan suka haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya zai zama SS. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa daban, kamar mai jefa kwabo sama: fuskar da ta fito yanzu ba ta hana ta sake fitowa. Yiwuwar a haifi SS biyu a jere ita ce 1/4 sau 1/4, wato 1/16. Yiwuwar a haifi huɗu babu SS ko ɗaya kuwa ita ce 81/256, kusan kashi 32 cikin 100. Kuskuren nan bai tsaya a takardar jarrabawa ba. Akwai iyayen da suka haifi mai sikila suka saki jiki cewa ukun da ke tafe sun tsira, alhali kowane sabon ciki yana nan a kashi 25 ɗinsa.

Wani lokaci kuma a murɗa tambayar. A ce ma'auratan suna da yaro wanda ba shi da sikila, mece ce yiwuwar shi AS ne? Mai gaggawa zai ce rabi. Amma ai an riga an gaya maka yaron ba SS ba ne, don haka ka soke wannan gidan. Saura gida uku, biyu daga ciki AS, amsa ita ce 2/3. Shi ya sa ya kamata ka ja layi a ƙarƙashin duk bayanin da tambaya ta ba ka kafin ka fara zane.

Idan kuma tambayar gado ta bar maka zaɓin harafi, ka guji irin C ko O, waɗanda babba da ƙaraminsu suke kama da juna a rubutun hannu. Ɗauki T da t, sannan ka rubuta a gefe abin da kowanne yake wakilta.