Ƙanjamau a Wudil: Magani Ya Samu, Saura Jama'a Su Tallafi Masu Shan Sa

Duk ranar Juma'a, kafin hantsi ya dubi ludayi, garin Wudil ya cika ya batse. Manyan motoci na sauke shanu a kara, fatake da dillalai na isowa daga Jigawa da Bauchi da Yobe har da kudancin ƙasar nan. Ga ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, ga na Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda, ga masunta da masu ɗibar yashi a bakin kogi, ga direbobin hanyar Kano zuwa Maiduguri. A cikin wannan jama'a, kamar kowane gari, akwai masu ɗauke da ƙwayar HIV mai karya garkuwar jiki. Mafi yawan waɗanda ke kan magani lafiyarsu ƙalau, suna neman halalinsu. Waɗansu kuwa sun daina sha alhali magani na nan kyauta, don gudun kada wani idon sani ya gan su a layin karɓa.

Yadda al'amarin ya sauya

A shekarar 1986 aka fara ba da rahoton ɓullar cutar a Nijeriya. A wancan zamani wanda ya kamu sai dai a jira ta Allah, shi ya sa aka riƙa kiranta da sunaye masu tayar da hankali. Yau labari ya sha bamban. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, wato kimanin mutum miliyan 1.9 idan aka haɗa kowa da kowa. A shiyyar Arewa maso Yamma kashi 0.6 ne. Adadin ya yi kama da kaɗan, amma a jiha mai cunkoson jama'a irin Kano, dubban gidaje ne abin ya shafa.

Ƙwayar tana shiga ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, waɗanda likitoci ke kira CD4, ta hayayyafa a cikinsu ta lalata su. Idan suka yi ƙaranci sai tarin fuka da gudawa da rama su samu ƙofa, wannan matakin ne ake kira ƙanjamau. Maganin da ake bayarwa yanzu haɗin magunguna uku ne a ƙwaya ɗaya, sau ɗaya a rana. Ba ya raba mutum da cutar, amma yana hana ta hayayyafa har ta ragu ƙwarai a jini, galibi cikin wata shida. Manyan bincike a Turai da Afirka sun tabbatar cewa wanda awon jininsa ya nuna ƙwayoyin cutar ƙasa da 200 a kowace mililita ba ya sa wa abokin zamansa cutar ta hanyar saduwa. Sharaɗin guda ne: a sha kullum, har ƙarshen rayuwa. Mai sha yana tsallakewa yana ba ƙwayar damar gagarar maganin.

Aikin ƙungiyoyin tallafi

Wannan sharaɗi ba a asibiti ake cika shi ba, a gida ake cika shi. Matar da ke zaune da kishiya da uwar miji a gida ɗaya, ina za ta ɓoye robar maganinta? Magidancin da ke Darki ko Utai ko Lajawa, da me zai fake duk ranar da zai tafi karɓa? Akwai masu tsallake asibitin garinsu su nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar kusan kilomita 40, don rufin asiri kawai. Ranar da kuɗin mota ya gagara, magani ya yanke.

A nan ƙungiyoyin tallafi ke shigowa. Masu ɗauke da cutar ne da kansu suke haɗuwa, yawanci sau ɗaya a wata, a harabar cibiyar da suke karɓar magani. Uwar ƙungiyarsu ta ƙasa ita ce NEPWHAN, wadda aka kafa a 1998, tana kuma aiki tare da hukumar yaƙi da ƙanjamau ta tarayya (NACA) da takwararta ta Jihar Kano.

Wanda aka gaya wa sakamakon gwajinsa yau, duniya ta yi masa zafi, ba abin da ke kwantar masa da hankali kamar ya ga wanda ya shekara goma yana shan magani, ga shi da iyali da sana'a. A zaman ƙungiya ake koyon abin da likita ba shi da lokacin faɗa: yadda za a sanar da miji ko mata ba tare da gida ya watse ba, yadda za a daidaita lokacin shan magani a watan azumi da shawarar ma'aikacin lafiya, da dalilin da ya sa ba a ajiye shi saboda alƙawarin mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa. 'Yan ƙungiya ne ke bin sawun wanda ya daina zuwa, da waya ko da ƙafa, cikin sirri. Waɗansu na yin adashi don kuɗin mota da jarin ƙananan sana'o'i.

Aure da haihuwa

A ƙasar Hausa, babbar damuwar matar da ta kamu ita ce aure da haihuwa. Wata masaniya 'yar Amurka, Kathryn Rhine, ta yi bincike a Kano ta wallafa littafi a 2016, inda ta nuna yadda mata ke zuwa waɗannan ƙungiyoyi da fatan samun mijin da ya san lalurarsu. Hakan na faruwa, ana aure, ana haifar yara masu lafiya. Idan ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya ɗaukar cutar daga uwa lokacin goyon ciki ko haihuwa ko shayarwa. Da magani, adadin kan koma ƙasa da 5. Shi ya sa ake ɗaukar matan da suka bi wannan hanya suka haihu lafiya, su zama jagorori ga masu juna biyu a wurin awo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, abin da mai ciki ba za ta iya gaya wa likita ba tana gaya wa 'yar'uwarta.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano, har da na HIV da ciwon hanta da sikila. Doka ce mai amfani, amma gwaji ba tare da nasiha da sirri ba yana iya zama tonon silili. Duk wanda sakamakonsa ya nuna yana ɗauke da cutar, kamata ya yi a haɗa shi da magani da ƙungiya a ranar.

Haƙƙi da wayar da kai

Tun 2014 Nijeriya ke da dokar hana nuna wa masu cutar wariya. Haramun ne a kori mutum daga aiki ko makaranta saboda ita, ko a fallasa sakamakonsa ba da yardarsa ba. Mutane ƙalilan ne suka san da ita, don haka bayyana ta na cikin manyan ayyukan ƙungiyoyin. Haka nan gyara fahimta: ba a ɗaukar cutar ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko buta, ko cizon sauro. Ana ɗauka ta saduwa, da jini, da allura ko aska da jinin mai cutar ya taɓa, da kuma daga uwa zuwa jariri.

Wa zai ɗauki nauyin?

Shekaru da dama, kaso mafi tsoka na kuɗin maganin daga waje yake zuwa, daga shirin PEPFAR da Amurka ta kafa a 2003 da kuma Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, lamarin ya girgiza cibiyoyi da dama. A watan Fabrairu gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani. Sai dai kuɗin magani daban, ɗan alawus ɗin mai bin sawun marasa lafiya daban, kuma irin wannan aiki na cikin unguwa shi ke fara tsayawa idan tallafi ya ja baya.

Wudil na da abin da za ta riƙe wannan aiki da shi da kanta. Ƙaramar hukuma na iya ware kuɗin mota da na waya ga masu sa-kai. Limamai na iya faɗa a huɗuba cewa duba mara lafiya da rufa masa asiri ibada ne, tsangwamarsa kuwa zalunci ne. Shugabannin kara da na tasha na iya ba ma'aikatan lafiya wuri ranar kasuwa a yi gwaji cikin sirri. Masu hali su tuna da marayun da cutar ta bari idan za su fitar da zakka. Kowane magidanci kuma ya raka iyalinsa awo, a gwada su tare, domin mai ciki da mijinta ya tsaya mata ba ta fasa shan magani.