Dictynidae: Gizo-gizon Da Ke Kama Ƙwaro Ba Da Danƙo Ba

A kan busasshen kan ciyawa, ko a ƙarƙashin ganye, akan ga wata 'yar yana a cukurkuɗe, ba zagaye ba tsari, ta kwashi ƙura da ɓawon ƙananan ƙudaje. Mai ita na nan ciki a laɓe. Sau da yawa ɗan dangin Dictynidae ne, dangin da masanin Ingila Octavius Pickard-Cambridge ya raɗa wa suna a 1871, mai ɗauke da ɗaruruwan nau'o'i.

Ƙanana ne ƙwarai. Galibinsu ba su kai milimita 5 ba. Launinsu toka-toka ne ko ƙasa-ƙasa, ciki a kumbure, an lulluɓe shi da lallausan gashi. Galibi idanu takwas ne, a jeri biyu. Ɗan gayun cikinsu shi ne Nigma walckenaeri na Turai, kore shar, wanda in ya kwanta a ganye sai mai kaifin ido ya gano shi.

Abin kallo yana wajen saƙa. Gizo-gizon da ke yin yana mai zagaye galibi yana ɗiga danƙo a zarensa. 'Yan Dictynidae kuwa ba su da danƙo. A gaban gaɓoɓin da ke fitar da zare suna da wani ɗan faifai mai dubban ƙananan ƙofofi, masana na kiransa cribellum. A ƙafafun baya kuma akwai jerin lanƙwasassun gasu, calamistrum. Gizon na goga wannan jeri a kan faifan da sauri, yana tsefo zaruruwan da ido ba ya gani, kamar yadda ake shiɓar auduga kafin kaɗi. Zaren kan fito da gashi-gashi, mai ɗan shuɗi-shuɗi in sabo ne. Ƙwaro na taɓa shi sai ƙafafu da gashin jikinsa su sarƙe, zaren ya manne da maiƙon fatarsa. Aiki ne mai cin lokaci da ƙarfi, shi ya sa ba a rushe yanar kullum. Ƙari ake yi a kan tsohuwa har ta yi dauɗa. A wasu biranen Turai, Brigittea civica kan bar baƙaƙen tabo a bangon gidaje saboda haka.

Wannan faifai ne ya daɗe yana ruɗa masana. Tun ƙarni na 19 aka tara duk masu shi a rukuni guda. A 1967 Pekka Lehtinen na ƙasar Finlan ya nuna cewa faifan tsohon gado ne, wanda zuriyoyi da yawa suka yar, kowace a nata lokaci. Ke nan mallakarsa ba shaidar kusanci ba ce, rashinsa ma haka. Sai Dictynidae ya zama wurin jibge duk ƙaramin gizo mai ruwan ƙasa da aka rasa masa gida. Har Argyroneta aquatica, mai zama a ƙarƙashin ruwa cikin kumfar iska, wanda ba shi da faifan, ya yi zaman haya a nan bayan yawo a wasu dangogi. Binciken ƙwayoyin gado ne yanzu ke ware 'yan gida da baƙi, kuma a ganina gyaran ya makara.

Akwai ɗaya da ya shiga harkar mutane. Mallos gregalis na duwatsun Meziko yana zaman taro, dubbai a yana guda da kan lulluɓe rassan bishiya. A da, mutanen yankin Michoacán na ƙasar kan saro reshen da damina su rataye a ɗaki domin ya rage musu ƙudaje.