Aikin Kaka a Filin Ƙwallon Lambu: Misali Daga Ƙasar Sikotlan



Kafin mu shiga cikin batun, ya kamata mu daidaita kan kalma guda. Idan Bahaushe ya ce kaka, nufinsa damina ta ɗauke, amfanin gona ya nuna, ana shirin cika rumbu. A ƙasar Sikotlan da ke arewacin Birtaniya kuwa, lokacin da muke fassarawa da kaka, watau daga Satumba zuwa Nuwamba, lokaci ne na ruwa da raɓa da gajartar yini. A garin St Andrews, wanda ake ɗauka a matsayin mahaifar wasan ƙwallon lambu, watau golf, yinin tsakiyar Disamba bai fi awa 7 ba. Ciyawa kuwa takan daina girma da zarar ɗumin ƙasa ya sauka zuwa wajen digiri 5. Saboda haka duk gyaran da mai kula da fili bai yi ba kafin wannan lokaci, sai ya jira watan Afrilu.

Filin wasan yana da ramuka 18, kowanne da ɗan dandali na lallausar ciyawa kewaye da shi. A nan ake gangara ƙwallo zuwa ramin da faɗinsa milimita 108 ne kawai, don haka ɗan tudu ko tabo kaɗan ya isa ya karkatar da ita. A watannin ɗumi akan aske wannan ciyawa har ta koma kamar milimita 4, kuma dubban ƙafafu suna tattaka ta. Sakamakon haka abu biyu ne. Na farko, ƙasa takan dunƙule, iska da ruwa su kasa ratsa ta. Na biyu, matattun ganyaye da saiwoyi sukan taru a ƙarƙashin ciyawa su zama kamar tabarma mai riƙe ruwa kamar soso. Idan hunturu ya tarar da dandali a wannan hali, saiwa za ta shaƙe, ciyawa ta ruɓe.

Maganin wannan shi ne huda ƙasa. Akan kawo inji mai haƙora kamar bututu, ya bi dandali yana zaro 'yan curin ƙasa masu kaurin yatsa, ya bar dubban ƙananan ramuka. Sai a kwashe curin, a watsa yashi, a share shi ya cika ramukan, kana a yafa sabon irin ciyawa tun ƙasa tana da sauran ɗumin da zai tsirar da shi. Watsa yashi daɗaɗɗiyar dabara ce. Tom Morris Babba, wanda ya kula da filin St Andrews kusan shekara 40 tun daga wajejen 1864, ya kuma rasu a 1908, shi ne ya yi fice wajen yaɗa ta, har yau kuwa ba a sami abin da ya maye gurbinta ba.

Daga nan sai batun taki. Manominmu ya san yuriya tana sa ganye ya yi kore shar. To, a kaka wannan shi ne abin gudu, domin ganyen da ya taso da sauri lallausa ne, kuma shi wata cutar fumfuna take so. Cutar tana bunƙasa cikin sanyi da laima, tana barin tabo ruwan ƙasa a dandali, tabon da ba zai warke ba sai ɗumi ya dawo. Don haka akan rage irin wannan taki, a ba da fotash da sinadarin ƙarfe masu ƙarfafa ganye. Akan kuma ɗaga askin ciyawa zuwa milimita 5 ko 6 domin ganye ya sami faɗin kama ɗan hasken da ya rage. Kowace safiya ma'aikata sukan kakkaɓe raɓa da doguwar tsumagiya ko buroshi, su kwashe ganyen itatuwa da ya zuba, su yashe magudanan ruwa. Da yake an hana amfani da wasu magungunan feshi da aka dogara da su a da, waɗannan ƙananan ayyuka sun ƙara daraja. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Idan sanyi ya kankama, raɓa takan daskare a kan ciyawa, ruwan da ke cikin ganye ya zama ƙanƙara. Wanda ya taka shi a wannan hali ya farfasa shi, bayan kwana biyu sai a ga sawunsa baƙi ƙirin. Wannan ne ya sa filaye da yawa sukan rufe dandali su haƙa ramin wucin gadi a gefe. A tsohon filin St Andrews ma, a watannin hunturu akan ba 'yan wasa 'yar tabarma su ɗora ƙwallo a kai kafin su buga.

Wahalar wannan aiki ba ta tsaya ga ƙasa da ciyawa ba. Lokacin da ya fi dacewa a huda dandali, watau ƙarshen Agusta zuwa Satumba, shi ne lokacin da fili ya fi kyau, baƙi suka fi yawa, kuɗi suka fi shigowa. Mai kula da fili zai zo ya ɓata abin da kowa yake yabo, wasa ya yi wuya har mako biyu ko uku, masu biyan kuɗin ƙungiya su yi ta gunaguni. Sau da yawa shugabanni sukan matsa a ɗage aikin zuwa ƙarshen Oktoba, alhali a lokacin ƙasa ta huce, iri ba zai tsira ba, ramukan kuma ba za su rufe ba. An tsira da kuɗin wata guda, an yi hasarar dandalin wata shida.

Ina jin ma'aikatan da ke zaune a nan sun san irin wannan gardama, ko da ba su taɓa riƙa sandar wasan ba. Duk wanda aka ba amanar hanya ko gini ko injin ruwa zai tarar cewa neman kuɗin gyara ya fi wuya a ranar da abin yake aiki lafiya, alhali kuwa ran nan ne gyaran ya fi araha.