Hancin Kare da Zazzaɓin Fadamun Rima

Ruwan da ya yi wa Wurno suna wajen shinkafa da albasa da tafarnuwa, shi ne kuma yake raya mata sauro. Madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima, da magudanan noman rani, da fadamun ƙasar Rabah, duk suna riƙe ruwa har bayan damina ta ɗauke. Shi ya sa daga Agusta zuwa Oktoba asibitocin yankin kan cika da iyaye mata goye da yara, jiki zafi rau. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya.

Waɗanda suka je asibiti ma da sauƙi, an san da zamansu. Abin da ke ci wa masana tuwo a ƙwarya shi ne mutumin da ƙwayar cutar ke cikin jininsa amma garau yake, yana huɗa a gona, yana cin kasuwa. Ba zai nemi gwaji ba, ga shi kuwa sauro na ɗiba daga jikinsa yana kai wa jaririn maƙwabta. Neman irin wannan mutum ne ya kai wasu masana ga kare.

A ƙasar Gambiya aka gwada. Masu bincike daga Jami'ar Durham ƙarƙashin Farfesa Steve Lindsay, tare da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, suka raba wa yaran makaranta safa a yankin Upper River, kowa ya kwana da ita a ƙafa, aka kuma ɗebi jininsu aka duba a madubin likita. Aka daskarar da safunan aka kai Ingila. Cikin 175 da aka yi aiki da su, 30 na yaran da ke ɗauke da cutar ne ba tare da alamar ciwo ba, 145 na masu lafiya. Karnuka biyu, Lexi da Sally, suka gane kusan kashi 70 cikin ɗari na masu cutar, suka kuma wuce kusan kashi 90 na marasa ita. An bayyana sakamakon a 2018.

Babu tsafi a ciki. Ƙwayar cutar na canza warin jikin mutum, har wani bincike a kan yara a Kenya ya nuna sauro ya fi son warin mai ɗauke da ita. Hancin kare kuwa na iya ɗaukar ƙwayoyin shinshina har miliyan 300, na ɗan Adam bai wuce miliyan 6 ba.

Ƙungiyar agajin da ta horar da karnukan, Medical Detection Dogs, Dokta Claire Guest na cikin waɗanda suka kafa ta a 2008, kuma ƙungiyar tana kusa da garin Milton Keynes. Kafin nan, a 1989, likitoci biyu sun ba da labarin wata mata a mujallar Lancet, wadda karenta ya dame ta da shinshinar wani tabo a ƙafarta, da aka duba ashe kansar fata ce. A 2004 wani gwaji ya nuna karnuka na iya gane kansar mafitsara daga fitsari fiye da yadda dace kawai zai bayar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙungiyar ba ta tsare karnukanta a keji. Kowane kare a gidan wani ɗan sa-kai yake kwana. Wasu su raini ɗan kwikwiyo, su saba masa da mota da hayaniyar jama'a. Wasu su kai shi wurin horo da safe su ɗauko shi da yamma. Wasu tara kuɗi ne nasu. Lokacin korona, ma'aikatan asibiti da sauran jama'a suka riƙa ba da safa da riga da takunkumin da suka saka don a horar da karnukan. Yaran Gambiya ma, da iyayen da suka amince, taimako suka yi.

Mai karatu zai ce mu da kare ina haɗi? Akwai kuwa. A mazhabar Malikiyya da malamanmu suke karantarwa tun kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗinsa, kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo, hadisi kuma ya yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona. Mafarautanmu sun daɗe da sanin yadda ake koya wa kare bin sawu.

Duk da haka ban ga hikimar kawo karen gwaji asibitin Goronyo yanzu ba. Kashi 70 na nufin mutum uku cikin goma za su sulale. Gwajin yatsa na RDT yana da araha, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. Su kansu masu binciken sun fi hango amfanin karen a filin jirgi da kan iyakar ƙasar da ta kusa kawar da cutar, inda mutum ɗaya zai iya dawo da ita. A wurin da cutar ta yi katutu, kare zai wuni yana nuna mutane, magani ne zai gaza. (Idan dabba ake so, gafiya ma ta yi rawar gani: ƙungiyar APOPO tana amfani da ita a Morogoro ta Tanzaniya tun 2007 wajen shinshinar majinar masu tarin fuka, takan duba samfuri 100 cikin minti 20.)

Aikin sa-kai da ya dace da mu tuni yana ƙofar gida. Kowace damina masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na bin gida-gida wata-wata, suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Cikas ɗin yakan zo ne a kwana na biyu da na uku, lokacin da uwa ce za ta ba da ragowar maganin da kanta, kuma nan maƙwabciya mai tunatarwa take da rana.

Sai kuma karnukan da muke da su. Ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, kuma masana sun ce yi wa kashi 70 na karnukan gari allura ya isa ya katse yaɗuwarsa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi a Sakkwato, Wurno ba ta da nisa da ita. Ɗalibai na da allura, sarkin dawa da yaransa sun san kowane kare da mai shi, kuma su ne za su iya riƙe shi a yi masa. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. Shirin haɗa su kamata ya yi ya fara daga fadar hakimi tun farkon damina.