Me Ke Sa Ƙasa Ta Zaftare? Kowa da Nasa Ra'ayi

Mu mutanen yankin Anka, Gummi da Bukkuyum ba mu da manyan duwatsu irin na Saliyo, inda tsauni ya zaftare a Firitawun a watan Agusta na 2017 ya hallaka mutum fiye da 1,000. Tamu zaftarewar ƙasar a ramukan haƙar zinariya take faruwa. A watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka mutu. Mu ma samarinmu irin waɗannan ramuka suke shiga kowace safiya.

Idan ka tambayi dalili, amsar da za ka samu ta danganta da wanda ka tambaya.

Mai haƙa zai ce maka ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado yake zai tafi. Ba wai bai ga haɗarin ba ne, sai dai yunwar gida ta fi ramin ba shi tsoro. Wasu dattawa kuwa suna cewa zinariya dukiyar aljanu ce, in aka taɓa ta ba da izini ba sai ƙasa ta haɗiye mutum. Hukuma tana ɗora laifin a kan haƙa ba bisa doka ba. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta janye hanin a Disamba 2024.

Masana ƙasa su kuma ruwa suke zargi. Da damina ruwa yana shiga ƙasa ya ƙara mata nauyi, ya kuma rage ƙarfin da ke riƙe ta. Idan bangon rami ya miƙe tsaye, babu katakon tokara, ga tulin ƙasar da aka haƙo an jibge a bakinsa, to faɗuwa kawai yake jira. Sau da yawa yakan ba da alama: tsagewa a baki, ruwa na tsatsowa, ko ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan.

Abin lura shi ne, dalilin da mutum ya yarda da shi, shi ke nuna matakin da zai ɗauka. Wanda ya ce aljanu ne, laya zai nema. Wanda ya ce ruwa ne, zai tokare rami, ya kuma dakata in an yi ruwan sama.

Mun riga mun ga misali a 2010, lokacin da yara suka yi ta mutuwa a Yargalma da Dareta. Da farko an ɗauka zazzaɓi ne. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo aka gwada jini, aka gane gubar dalma ce daga duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kusan 400 suka rasu a jihar. Da aka zauna da masu gari aka yi bayani, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka fitar da niƙa daga gidaje, mace-macen suka ragu ƙwarai.

Saboda haka, ya ku 'yan makaranta, idan kun je gida hutu kada ku yi wa kowa dariya don ra'ayinsa. Ku saurara da ladabi, sa'an nan ku nuna wa yayyenku alamun nan uku. Dogara ga Allah ba ta hana a tokare rami.